Ranar Waƙa a Majami'un Ƙasar Wales a Zamanin Sarauniya Biktoriya

  An roƙe mu mu yi magana a kan tarihin waƙa cikin ikilisiya, to amma tarihin yana da faɗi ƙwarai, shi ya sa muka zaɓi wuri guda da zamani guda, wato ƙasar Wales a zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulkin Birtaniya daga 1837 zuwa 1901. A can ne ƙananan majami'u suka ƙago wani taro na shekara shekara da suke kira Cymanfa Ganu a harshensu, ma'anarsa taron waƙa. Abin da ya ja hankalinmu gare shi shi ne, a wannan taro babu 'yan kallo. Kowa da ya shiga ɗakin mawaƙi ne, kuma ya yi watanni yana koyon muryarsa kafin ranar ta zo.

Bari mu fara da mutanen. Wales ƙaramar ƙasa ce ta duwatsu a yammacin Ingila, tana da nata harshe wanda bai yi kama da Turanci ba ko kaɗan. Ikilisiyar da gwamnati ta sani a lokacin ita ce Angilikan. Amma talakawan ƙasar, manoma da masu haƙar kwal da maƙeran ƙarfe da masu fasa dutse, yawancinsu sun bar ta sun gina nasu ɗakunan sujada da kuɗin aljihunsu. Akwai Metodis, akwai Baftis, akwai kuma ɗarikar da kowace ikilisiya take mulkin kanta. A ƙidayar masu zuwa sujada da aka yi a 1851, an tarar fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka je sujada a Wales a ranar, waɗannan ɗakuna suka je. Ke nan a ƙasarsu su ne masu yawa, amma a gaban doka da cikin Birtaniya gaba ɗaya 'yan tsiraru ne marasa gata. Manomi ɗan Baftis dole ya biya zakkar gona ga limamin Angilikan wanda ba ya zuwa majami'arsa. Kafin dokar 1880, idan ɗan'uwa ya rasu aka kai shi maƙabartar gari da ke harabar majami'ar Angilikan, Fastonsa ba shi da ikon yi masa sujadar jana'iza a wurin.

A kan wannan kuma sai aka ƙara musu da cin mutunci. A 1847 gwamnati ta buga rahoton wasu mutum uku da ta aika su binciki harkar ilimi a Wales. Dukansu Turawan Ingila ne 'yan Angilikan, babu mai jin harshen ƙasar a cikinsu. Sun faɗi gaskiya a kan lalacewar makarantu, amma ba su tsaya nan ba, suka ce harshen mutanen shi ne ke hana su ci gaba, suka zarge su da jahilci da lalata, suka kuma ɗora wani ɓangare na laifin a kan taron dare na majami'u. Har yau mutanen Wales suna kiran wannan abu cin amanar Shuɗɗan Littattafai, saboda launin bangon rahoton. Mu da muka san yadda ake ji idan baƙo ya kwana biyu a garinku ya koma ya rubuta cewa ba ku san komai ba, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a nan.

Sai dai kada mu ɗauka cewa waƙarsu tana da daɗi tun farko. A farkon ƙarnin, littattafai ba su da yawa, kayan kiɗa kuma babu, domin dattawa da yawa suna ganin ogan abin duniya ne. Akwai mutum guda da ake kira mai ta da waƙa. Shi zai karanta baiti, ya ɗauko murya, jama'a su bi shi yadda suka iya. Wani ya ja, wani ya yi sauri, kowane ƙauye da yadda yake murɗa muryar waƙa guda, har idan majami'u biyu suka haɗu sai a rasa wanda zai bi wani. Masu kishin gyara sun yi ta kuka a kan wannan a mujallun ɗarikoki.

Mutumin da aka fi danganta gyaran da shi sunansa John Roberts, amma an fi saninsa da laƙabin Ieuan Gwyllt. An haife shi a 1822 kusa da garin Aberystwyth. Ya yi koyarwa, ya yi aikin jarida a Liverpool, daga nan a 1858 ya koma Aberdare a kudancin Wales domin ya shugabanci wata jarida. Aberdare a lokacin gari ne da kwal ya kumbura shi farat ɗaya: mutum wajen 6,500 a 1841, amma zuwa 1861 sun haura 32,000. Baƙi ne daga ƙauyuka dabam dabam, sun baro iyaye da gonaki, abin da ya rage musu na gida shi ne harshe da majami'a. A 1859 Ieuan Gwyllt ya fito da littafin muryoyin waƙa na jama'a, mai suna Llyfr Tonau Cynulleidfaol, wanda ya yi shekaru yana tarawa. Ya tace muryoyin, ya zubar da masu yawan kwana-kwana da jama'a ba sa iya bi, ya tsara sauran cikin murya huɗu. Ra'ayinsa a fili yake: waƙa aikin dukan ikilisiya ne, kuma tun da sujada ce, bai kamata a kawo wa Allah abin da ba a shirya ba. A wannan shekara aka tara majami'un yankin a ɗakin sujada na Bethania da ke Aberdare domin su rera daga sabon littafin a ƙarƙashin jagorancinsa, kuma wannan taro ne yawanci ake lissaftawa a matsayin mafarin Cymanfa Ganu yadda aka san shi daga baya. Sai aka yi dace, 1859 ita ce shekarar babbar farkaswa a Wales, wadda ta taso ta hannun Humphrey Jones da Dafydd Morgan. Dubban sababbin tuba suka cika majami'u, ga zuciya da zafi, ga kuma littafi a hannu.

Amma littafi ba ya amfani ga wanda bai iya karanta shi ba, kuma rubutun kiɗa na Turai mai layi biyar da ɗige-ɗige yana ɗaukar lokaci kafin a gane shi. A nan ne solfa ta shigo, wannan do re mi ɗin da mawaƙanmu suke rerawa a daren koyon waƙa. Wata mace ce a garin Norwich na Ingila, Sarah Glover, ɗiyar limamin majami'a, ta fara tsara hanyar domin koya wa yara. Wani matashin Fasto mai suna John Curwen, wanda taron malaman makarantar Lahadi a garin Hull ya ɗora wa aikin nemo hanya mai sauƙi ta koyar da waƙa a 1841, ya ɗauki aikinta ya gyara ya yaɗa shi. Dabarar ita ce a rubuta murya da baƙaƙen da kowa ya sani, d, r, m, f, s, l, t, a nuna tsawon kowace murya da ɗigo da waƙafi. Duk wanda ya iya karatu a makarantar Lahadi zai iya koyonta cikin makonni. Ban da haka, kowane ƙaramin maɗaba'a na gari yana iya buga ta da baƙaƙen da yake da su, ba sai an sayo na musamman ba, saboda haka takardar waƙa ta yi araha har yaro zai iya saya. Eleazar Roberts na Liverpool shi ne ya yi ƙoƙarin bayyana hanyar cikin harshen Wales a farkon shekarun 1860. Ieuan Gwyllt ya karɓe ta, ya sake buga littafinsa cikin solfa, daga baya ma ya buɗe mujalla musamman domin masu koyonta. Ba da daɗewa ba, da wuya ka shiga ɗakin makarantar Lahadi a Wales ba ka ga dogon allon solfa rataye a bango ba, da sandar nuni a jingine kusa da shi. 'Yan mishan ne suka ɗauki wannan hanya suka kai ta Afirka da Indiya, ta haka ta iso gare mu. Idan shugaban mawaƙanmu ya rubuta d : r : m a allo da alli, aikin Sarah Glover da Curwen yake ci gaba da shi, ko ya san sunansu ko bai sani ba.

Yanzu ga yadda shekarar take tafiya, kuma a nan muke so dattawa su kasa kunne sosai, domin ranar taron ita ce ƙaramin ɓangaren aikin. Majami'un ɗarika guda a yanki guda, wataƙila shida ko goma, kowace takan aiko wakilai a kafa kwamiti. Kwamitin zai zauna tun da sauran watanni ya zaɓi waƙoƙin shekara: tsofaffin da ake so a gyara yadda ake rera su, sababbin da ba a taɓa ji ba, waƙoƙin yara, da babbar waƙa ɗaya ko biyu masu wuya irin na mawaƙa. Sai a buga su cikin ɗan littafi mai rahusa a rarraba. Daga nan kowace majami'a ta koma gida ta shiga makarantar waƙa, sau da yawa bayan sujadar yamma ta Lahadi ko wani dare cikin mako, duk tsawon lokacin sanyi. Ku tuna waɗannan mutane ne da suke wuni a ƙarƙashin ƙasa ko a bakin wutar narkar da ƙarfe. Mai ta da waƙa na majami'ar, wanda shi ma ma'aikaci ne kamarsu ba a biyansa albashi, zai bi da su murya ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ta huɗu, har kowa ya riƙe tasa. In rana ta matso, sai majami'u biyu ko uku na kusa su haɗu su gwada tare. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, to su sun riƙe wannan da gaske.

Ku lura da abin da wannan tsari ya yi wa ƙaramar majami'a. Ɗakin sujada na kan dutse mai mutum talatin, wanda wataƙila maza masu babbar murya biyu ne kawai a ciki, ba zai taɓa jin yadda waƙar take da cikakkiyar murya huɗu ba idan shi kaɗai ne. Amma yana koyon abu ɗaya da babbar majami'ar gari, daga ɗan littafi ɗaya, kuma ya san akwai ranar da za a haɗu. Bayan taron ma waƙoƙin ba sa tafiya da baƙi, suna nan a bakin mutanen ƙauyen, su rera su ranar Lahadi da wajen jana'iza. A ganinmu wannan ne babbar hikimar abin.

Ranar kanta akan sa ta a lokacin hutu, yawanci Litinin ta bayan Ista ko lokacin Fentikos, a majami'a mafi girma a yankin. Mutane su zo da ƙafa, da keken doki, daga baya da jirgin ƙasa. Yara da 'yan mata sukan sami sababbin tufafi saboda ranar, kamar yadda muke yi da Kirsimeti. Zama uku ake yi: na safe na yara ne, na rana da na yamma na manya. Ginin majami'un nan ya dace da aikin, domin yawancinsu suna da bene da ya kewaye ɗakin ta gefe uku yana fuskantar mumbari. A ranar ba a zama iyali iyali. Miji ya rabu da matarsa a bakin ƙofa, kowa ya nufi wurin muryarsa, masu murya ta ɗaya a gefe guda, masu babbar murya a nasu gefen. Dattawa suna zaune a babban benci da ke ƙarƙashin mumbari, shi kuwa jagoran waƙa, wanda aka gayyato daga nesa, ya hau mumbarin da Fasto yake wa'azi. Akan sa wani Fasto ko dattijo ya shugabanci zaman, ya buɗe da addu'a, a yi karatu daga Littafi Mai Tsarki, wani lokaci ya yi ɗan bayani a kan wanda ya rubuta waƙar. Jagora yana da iko ya tsai da mutum ɗari takwas a tsakiyar baiti ya ce ba su fahimci abin da suke faɗa ba, ya bayyana ma'anar kalmomin, a sake daga farko. Idan kuma zuciya ta motsu, sai jama'a da kansu su maimaita layukan ƙarshe sau biyu, sau uku, har fiye, ba tare da wani ya ba da umarni ba. Tsakanin zama da zama mata suna ɗakin baya suna raba shayi da burodi, kuma ba asiri ba ne cewa aure da yawa a wurin shayin nan aka ƙulla shi.

Jagororin nan su ma daga cikin talakawa suka fito. David Jenkins yaron tela ne da ya fara da solfa, ya zama ɗaya daga cikin jagororin da aka fi nema, ya ƙare yana farfesan kiɗa a Aberystwyth. Joseph Parry, haifaffen Merthyr Tydfil a 1841, ya shiga ramin kwal yana yaro, ya yi aikin ƙarfe a can da kuma a Amurka bayan iyalinsa sun yi ƙaura a 1854, daga baya ya zama farfesan kiɗa na farko a kwalejin Aberystwyth a 1874. Muryar waƙar da ya tsara ya ba ta sunan wannan gari tana cikin littattafan waƙa na ƙasashe da yawa har yau.

Akwai wani reshe da ya tsiro daga wannan saiwa wanda ya kamata mu bambanta shi da taron waƙa, wato gasa. Mutanen da suka koyi solfa a majami'a su ne suka kafa manyan ƙungiyoyin mawaƙa masu zuwa gasa. Wanda ya fi shahara shi ne Griffith Rhys Jones, maƙeri daga Aberdare da ake kira Caradog. A 1872 ya kai ƙungiyar mawaƙa fiye da 400 daga kudancin Wales zuwa babban zauren Crystal Palace a Landan, suka karɓo kofi, ko da yake a shekarar babu wanda ya fito ya kara da su. A 1873 suka koma, wannan karo suka kayar da wata ƙungiya ta Landan. Shekara 26 ke nan bayan Shuɗɗan Littattafai, ga 'ya'yan waɗanda aka kira jahilai suna rera manyan waƙoƙin Turai a gaban alƙalan Ingila. An yi murna a duk ƙasar, kuma gunkin tunawa da Caradog yana tsaye a tsakiyar Aberdare tun 1920. Ba za mu raina wannan nasara ba. Mutanen da aka wulaƙanta suna bukatar ranar da za su ɗaga kai. Amma gasa ta zo da nata kaya. A shekarun da suka biyo baya, hamayya tsakanin garuruwa ta yi zafi, kuɗin kyauta ya yi yawa, aka riƙa sace wa juna mawaƙa, wani lokaci a tashi da faɗa da zagin alƙalai. Fastoci suka fara ƙorafi cewa masu kyakkyawar murya sun fi son koyon waƙar gasa fiye da makarantar waƙa ta majami'a. A taron waƙa kuwa ba a ba da kofi, tsohuwa mai rawar murya da saurayi mai zaƙin murya benci ɗaya suke zama. Muna faɗin wannan ne domin mu ma muna da gasar mawaƙa a gundumominmu, kuma mun san majami'un da mawaƙa ashirin suke rera abin mamaki da lasifika, sauran mutum ɗari biyu suna zaune sun naɗe hannu. Tambayar da ta dace dattawa su yi a zamansu ita ce, a cikin shekarar nan, sababbin waƙoƙi nawa ne dukan ikilisiya ta koya, ban da waɗanda mawaƙa kaɗai suka iya.

Taron waƙar ma ba mu ce ba shi da aibi ba. Kowace ɗarika nata take yi. A gari guda Baftis su yi nasu, Metodis su yi nasu, wani lokaci a titi ɗaya, da waƙoƙi kusan iri ɗaya. Mata su ne rabin muryoyin, su ne kuma masu dafa shayi, amma mumbarin jagora da kujerun kwamiti kusan duk na maza ne. Sa'an nan tun kafin zamanin Biktoriya, masu farkaswa sun riga sun kori tsofaffin kiɗa da rawa na ƙasar, garayarsu da gogensu, suna cewa na mashaya ne, har abubuwa da yawa suka ɓace. Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a gare mu, iyayenmu sun yi irinta a kan ganga da kalangu da shantu, kuma zumuntar mata ce ta fi kowa taimakawa wajen dawo da kayan kiɗanmu cikin sujada.

Ieuan Gwyllt ya rasu a 1877, bayan ya yi shekaru yana yawo ƙasar yana jagorancin taro, ya kuma fassara waƙoƙin Sankey zuwa harshensu, irin waɗanda mu ma muke da fassararsu da Hausa. Al'adar ta ci gaba da ƙarfi bayansa har ta wuce zamanin Sarauniya. Muryar da ake kira Cwm Rhondda, wadda wataƙila ita ce aka fi sani a duniya daga Wales, John Hughes ya tsara ta ne a 1907, aka fara rera ta a wata majami'ar Baftis kusa da Pontypridd. Waɗanda suka yi ƙaura sun tafi da taron: akwai shi a yankin Patagoniya na Ajantina inda mutanen Wales suka sauka a 1865, a Amurka kuma an kafa na ƙasa baki ɗaya a 1929 a bakin ruwan Niagara. A 1920 aka raba ikilisiyar Angilikan da gwamnati a Wales, abin da 'yan majami'un nan suka daɗe suna nema.

Daga nan sai raguwa ta fara, a hankali. Yaƙin duniya biyu, talaucin shekarun 1930 da ya kori matasa daga garuruwan kwal, raguwar masu jin harshen, rufe ramukan kwal, duk sun taka rawa. Abin da ya fara mutuwa shi ne makarantar waƙa ta mako mako. Ranar taron ta daɗe bayanta, amma tun da ba a koyi sabon abu ba, sai aka koma maimaita 'yan waƙoƙin da kowa ya haddace, masu iya riƙe murya ta biyu da ta uku kuma suna tsufa babu magada. A ƙidayar 2021, kashi 43.6 cikin ɗari na mutanen Wales ne suka ce su Kirista ne, kashi 46.5 suka ce ba su da addini. Ɗakunan sujada masu yawa sun zama gidajen kwana, shaguna ko kango, shi kansa Bethania na Aberdare an daina sujada a cikinsa. Har yanzu ana yin Cymanfa Ganu a wasu yankuna da kuma lokacin bikin al'adu na ƙasa na kowace shekara, akwai kuma shirin talabijin na waƙoƙin sujada cikin harshensu da aka fara tun 1961. Muryar Cwm Rhondda kuwa, inda aka fi jin dubban mutane suna rera ta yanzu shi ne filin wasan ragbi na Cardiff idan ƙungiyar ƙasar tana wasa.

Shugaban taro, a nan za mu dakata domin a sami lokacin tambayoyi.